Abin da Hoto Ya Nuna a Bayan Idona

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna a kan kowa da ke ɗakin nan.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Ayuba. Mutumin ƙasar Zuru ne ni, amma Jega ta riƙe ni tun ina saurayi. Matata Saratu ga ta can cikin zumuntar mata, ta riga ta sunkuyar da kai don ta san zan ambace ta. Fasto ya daɗe yana cewa in tashi in ba da shaidar nan, ina ta kaucewa. Yau dai na tashi.

Direban babbar mota ne ni a da. Lokacin ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba, na samu aiki wurin wani attajirin albasa a Aliero, ana ce da shi Alhaji Bawa. A Aliero muke lodi, mu biyo ta Jega, mu wuce Maiyama da Koko da Yawuri, har mu sauke a Badun ko Ikko, mu juyo da goro ko manja. Zuwa majami'a kuwa sai in Lahadi ta same ni a gida, shi ma a bencin baya nake zama. A ƙarƙashin kujerar motata akwai laya, kuma gaskiya na fi dogara da ita a kan addu'a. Mu direbobi a lokacin ba mu yarda da juna ba. Ba ka barin kwanon abincinka a buɗe a tasha, ba ka barin wani ya ɗauki hularka ko hankicinka. Haka na taso a aikin, haka na zauna.

Saratu ce ta fara lura. Wata safiya ina karyawa ta tsaya tana kallona, ta ce, "Baban Ladi, idon nan naka na dama ya fi ɗayan girma."

Na ce, "Mutumin da ke kwana cikin albasa ai dole idonsa ya yi haka."

Ba ciwo, ba ƙaiƙayi. Fatar idon ce kawai ta yi nauyi ta gefen kunne, kamar an ɗora mata wani abu. Na sayi maganin ɗigawa a kemis, na ɗiga har kwalba ta ƙare. Idon bai fasa abin da yake yi ba. A hankali ya riƙa turowa waje, yana kuma sauka ƙasa yana karkata wajen hanci. In na sa yatsa a ƙarƙashin gira sai in ji wani abu mai tauri. Na sayi baƙin gilashi na riƙa sawa, har abokai suna yi mini ba'a wai na zama ɗan birni.

Daga baya na fara ganin abu ɗaya biyu. Ban gaya wa kowa ba, ko Saratu. In ina tuƙi sai in karkata kai, ko in kanne idon, hanya ta koma ɗaya. Na ce a raina zai wuce.

Wata rana da la'asar, mun yi lodi mun fito, muna gab da shiga Maiyama, sai ga amalanken shanu ya hawo titi. Ni biyu na gani, ɗaya a kan hanya, ɗaya a gefe. Na kauce wa wanda babu shi. Da na gane, na fizgi sitiyari da dukan ƙarfina, mota ta sauka daga kwalta ta shiga gonar wani, buhuna suka zube. Tsohon da ke kan amalanken bai ko yi ihu ba. Ya sauko, ya zo ya tsaya a jikin ƙofata yana kallona. Da ya mutu a ranar, da ni na kashe shi.

Aka aika Aliero, Alhaji ya zo da kansa. Bai dubi motar ba, bai dubi albasar da ta warwatse ba. Ni ya duba.

Ya ce, "Ayuba, ɗebe gilashin ga in gani."

Na cire. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Subhanallahi. Da idon ga kake tuƙa min mota?"

Ya miƙo hannu, na ba shi makulli. A gabana ya juya ya miƙa wa Umaru. Umaru shi ne direban ƙaramar motar Alhaji, mai ɗauko albasa daga ƙauyuka zuwa wurin lodi. Kowa ya san ya daɗe yana son a ba shi babba. Da na ga makullina a tafin hannunsa, sai wani abu ya faɗo mini a zuciya, ya kuma zauna daram.

Na koma gida na zauna ba aiki. Mutumin da ya zauna ba aiki kuwa ba abin da ba zai tuno ba. Na tuna ranar da Umaru ya ari gilashina ya gwada. Na tuna goron da ya taɓa ba ni a tasha, wanda na ji ya cika ɗaci. Na tuna yadda yake yawan tambayata hanyar Kudu, ina ne gangara, ina ne 'yan sanda suke tsayawa. Duk na harhaɗa su, suka zauna daidai. In na fita tashar Jega don in rage zaman gida, mutane su kewaye ni suna kallon idon. Ba wanda ya ce ciwo ne. Kowa jifa yake cewa, sai dai su bambanta a kan wanda ya yi.

Wani ya kwatanta mini wani wanzami da ke zama a kasuwar Jega. Ranar kasuwa na je ban gaya wa Saratu ba. Wanzamin ya lallatsa wurin, ya ce mugun jini ne ya taru, zai tsaga kaɗan ya sa ƙaho ya zuƙe, kafin sati idon ya koma. Na zauna a tabarmarsa. Ya fiddo aska yana wasa bakinta a guntun fata. Sai ga Umaru ya ɓullo ta cikin 'yan hatsi, ya tsaya suka gaisa da wanzamin, gaisuwa irin ta waɗanda suka saba, har da dariya. Ya juyo ya gan ni, ya ce, "Ayuba, mi kake yi nan?"

Na ɗauki takalmina a hannu na tashi. Wanzamin yana kira, ban waiga ba. A raina na ce ashe bakinsu ɗaya, ƙarasa ni za su yi.

Ba a jima ba Alhaji ya aiko a ce in shirya, zai kai ni asibiti Sakkwato. Muka je. Likita ya duba, ya auna yadda idon ya turo, ya tura ni aka ɗauki hoton ƙashin kaina. Da aka kawo hoton ya ɗaga shi a haske, ya ce yana ganin kamar ƙashin da ke saman idon ya lotsa, amma irin wannan hoto ƙashi kawai yake nunawa, ba ya nuna tsoka. Ya ce akwai wata na'ura da ke ɗaukar hoton cikin kai daki-daki, ana ce da ita siti sikan, amma ba su da ita, sai can Kudu. Ya ambaci wani babban asibiti a Badun. Daga nan ya ce in jira a waje. Ta tagar ofishin na hango shi da Alhaji sun haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa. Alhaji yana girgiza kai, likita yana nuna idonsa da yatsa.

A mota na ce, "Alhaji, me likita ya ce?"

Ya ce, "Ya ce a tai Badun. Za a tai."

Bai ƙara ko kalma ba har Jega.

Labari ya riga ni isa tasha. Wani tsohon ɗan kamasho, wanda duk direbobi ke jin maganarsa, ya ja ni bayan rumfar mai shayi. Ya ce, "Kai yaro na? Attajiri shi ɗauke ka tun daga nan har Kudu, shi biya maka asibiti, kai ba ɗanai ba, ba addininku ɗaya ba? Ka taɓa tambayar kanka ina yas samu motocin ga cikin ɗan lokaci? Can in sun sa ka cikin injin ga, barci za ka yi. In ka tashi a ce maka idon ya lalace an cire. Wa za ka tambaya?"

'Yan'uwa, na yarda da shi. Maganarsa ta shige ni fiye da duk wani wa'azi da na taɓa ji.

Na dawo gida na tarar Alhaji ya aiko da buhun gero da galan na mai. Saratu tana murna tana sa albarka. Na tsaya ina kallonta, na ce, "Me ya ce miki da ya aiko da wannan?"

Ta ce, "Me zai ce? Ya ce a ci."

Na ce, "Ko dai ke ma an gama da ke?"

Saratu ta ajiye muciyar da ke hannunta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baban Ladi, ni na haifa maka 'ya'yan nan. In har ka kai ga zargina, to ciwon ya wuce ido." Ta shige ɗaki. Na ci tuwon daren nan ne bayan na ga yara sun ci.

Ita ce ta je ta kira Fasto. Ya zo ya zauna a ƙofar ɗakina, ya saurare ni har na gama. Ban ɓoye masa komai ba, da Umaru, da wanzami, da raɗar likita. Ya ce, "Ɗan'uwa Ayuba, ni ban san zuciyar Alhaji ba, ba zan yi maka rantsuwa a kanta ba. Abin da na sani shi ne idon nan kullum ƙara fitowa yake, kuma ka zauna a nan ba wanda zai ga abin da ke bayansa. Ka je. Ikkilisiya za ta riƙe ka da addu'a." Ya yi addu'a, na ce amin da baki. Da ya tafi na tambayi kaina ko Fasto ma Alhaji ya saye shi.

Abin da ya sa na yarda na tafi ba bangaskiya ba ce. Idon ne ya kai inda fatar ba ta rufe shi sosai, iska tana busar da shi, ya yi ja. Ƙaramar 'yata ta daina zuwa jikina. In na kira ta sai ta ɓuya bayan uwarta.

Alhaji bai iya tafiya ba don lokacin cire albasa ne. Ya ce in bi motar da za ta Badun, direba ya kai ni asibiti ya tsaya a kaina. Motata ce, direban kuwa Umaru.

Na hau na zauna a kujerar da ban taɓa zama ba. Muka wuce Maiyama, na ga gonar da na shiga, na kau da kai. Ina kallon hannun Umaru a kan giya, ina lura da duk inda ya tsaya da duk wanda ya gaisa da shi. A Yawuri ya sayo soyayyen kifi ya shimfiɗa a tsakaninmu, na ce na ƙoshi. A Kwantagora ya miƙo ruwa, na ce ba na jin ƙishi, alhali harshena ya bushe. Da muka kusa Jebba ya gangara gefen hanya ya kashe mota.

Ya ce, "Ayuba, tun Jega ba ka sa komi bakinka ba. Na san dalili. Ga masu abinci can, tai ka saya da hannunka, ni ba ni ko sauka. Ba ni son in kai ma Alhaji gawa."

Na sauka na saya na ci a tsaye, ina kallon motar. Da na dawo ya tada mota. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Motar ga ina sonta, ba ni ɓoye maka. Amma ban roƙi Allah shi ba ni ita ta hanyar idonka ba." A raina na ce mai laifi ma haka zai ce.

A Badun, bayan an sauke kaya, ya kai ni asibitin. Muka yi ta yawo daga wannan ofis zuwa wancan, har aka haɗa mu da likitar ido. Bayarbiya ce, amma a Arewa ta girma, Hausarta tas. Ta duba ni, ta sa rana, ta ce ranar hoto kada in karya.

Ranar ta zo. Aka kira sunana, aka ce Umaru ya tsaya a waje. Aka karɓe hulata da gilashina. Ɗakin sanyi kamar an zuba ƙanƙara, ba taga ko ɗaya. A tsakiya ga na'urar, wani ƙaton zobe fari, ya fi tayar tirela girma, da ɗan siririn gado da ke shiga bakinsa. Suka ce in kwanta. Suka sa kaina a wani mazauni, suka ɗaure goshina da maɗauri. Sai na ga wata ma'aikaciya ta nufo ni da allura.

Na ce a raina, ga barcin da aka gaya mini.

Na yunƙura zan tashi, maɗaurin ya riƙe ni. Ma'aikaciyar ta dafa kafaɗata tana magana da Turanci, wai ruwan da za ta sa mini don hoton ya fito sosai ne. Ban yarda ba. Na dubi ƙofa, na ga ko na tsinke maɗaurin ban san hanyar fita ba. Ko na fita, ina za ni? Gida, wurin matar da na zarga? Tasha? Laya tana can a mota. Ban taɓa jin na zama ni kaɗai a duniya kamar lokacin ba.

A nan na yi addu'a, irin wadda ban taɓa yi ba. Bakina bai motsa ba don sun ce kada in motsa. A zuciya na ce, "Yesu, na gaji. Na yi gadin kaina har na rasa wanda zan karɓi ruwa a hannunsa. Ban san waɗannan mutane ba, ban san abin da ke zuciyar Alhaji ba, amma Kai ka sani. In idona za su cire, Kana gani. In raina ne, Naka ne. Na bar maka gadin."

Na miƙa hannu, ta yi allurar. Na ji ɗumi ya bi jikina tun daga wuya har ƙafa, bakina ya yi ɗanɗanon ƙarfe. Na jira barci, barci bai zo ba. Duk suka fita suka koma bayan gilashi. Gadon ya ja ni cikin zoben, na'urar ta fara ƙugi. Wata murya ta ce in kafa ido wuri ɗaya. Na kafa. Ba zan ce muku na ga haske ko na ji murya daga sama ba, ban gani ba, ban ji ba. Na dai ji kamar an sauke mini lodi. Har aka gama idona biyu, da aka kwance ni na shafa fuskata na ji komai yana nan.

Da hotunan suka fito likitar ta kira ni, ta ce Umaru ma ya shigo. Ta maƙala wani baƙin faifai a jikin allo mai haske. Ƙananan hotuna ne a jere, kamar an yanka kaina fala-fala yadda ake yanka albasa. Ta nuna mini idon hagu zaune lafiya cikin raminsa, da jijiyarsa ta miƙe baya kamar igiya. Sannan ta nuna na dama. A samansa, ta gefen kunne, ga wani abu dunƙule kamar ƙwan zabuwa, ya danne ƙwayar idon ya turo ta.

Ta ce, "Malam Ayuba, nan ne maɓuɓɓugar hawaye. Kowa yana da ita, ƙarama ce. A cikin taka ƙari ya tsiro. Dubi gefensa, sumul yake, yana cikin jakarsa. Dubi ƙashin nan kuma, lotsawa ya yi, ba cinyewa ba. Mugun ƙari yakan ci ƙashi kamar gara. Wannan turawa kawai ya yi. Ba zan ba ka tabbaci ba sai an cire an gwada shi, amma abin da nake gani ya ba ni ƙarfin gwiwa."

Na ce, "Idon fa?"

Ta ce, "Idon lafiyarsa lau, matse shi aka yi. Ba shi za mu taɓa ba."

Sai ta tambaye ni ko an taɓa tsaga wurin, ko an sa ƙaho, ko an huda da allura. Na ce saura kaɗan. Ta ajiye abin da take nuni da shi ta dube ni. Ta ce irin wannan ƙari dole a fitar da shi ɗungurungum da jakarsa. In aka fasa jakar, sai ya watsu cikin ramin ido ya riƙa tsirowa nan da can, wani lokaci ya rikiɗe ya zama mugu. Ta ce, "Ka gode wa Allah da abin da ya tashe ka daga wurin." Na saci kallon Umaru. Shi bai ma san shi ne ba.

Na ce, "Likita, tun yaushe abin nan yake?"

Ta ce, "Shekaru da yawa. Ƙashi ba ya lotsawa haka a shekara ɗaya ko biyu."

Ni kuwa ko shekara biyu ban cika a gidan Alhaji ba. Lokacin da abin nan ya fara, Umaru bai san akwai wani Ayuba a duniya ba. Duk da haka sai da na tambaya, na ce, "To ba jifa ba ne?"

Ta yi ɗan murmushi. Ta ce, "Na'urar nan ba ta ɗaukar hoton jifa. Abin da ta nuna mini ke nan, kuma na san yadda ake cire shi."

Muka fito muka zauna a gindin wata bishiya a harabar asibitin. Tun jiya ban ci komai ba. Umaru ya kwance ledar burodi da ƙosai da ya saya wa kansa, ya fara ci, bai yi mini tayi ba. Na sa hannu na ɗauka. Ya dube ni, ya tura ledar gabana, ya tashi ya je nemo ruwa.

Umaru ya juya Arewa da lodin goro, ya kai labari. Saratu ta biyo motar haya ta zo, ita da ba ta taɓa wuce Yawuri ba. Da ta shigo ɗakin da aka kwantar da ni na kasa haɗa ido da ita. Na ce, "Maman Ladi, maganar da na gaya miki..." Ta ce, "Bar ta. Ka ci abinci?"

Aka yi aikin. Ta gefen gira suka shiga, ga tabon nan, na kusa za su iya gani. Wannan karon an sa ni barci na gaske, kuma da kaina na miƙa hannu. Da na farka fuskata a naɗe, abin da na fara tambaya shi ne idon. Saratu ta ce yana nan, ta ce an nuna mata abin da aka ciro a cikin kwalba, dunƙule guda bai fashe ba. Jiran sakamakon gwaji ya fi aikin wuya. Tsoro ya riƙa dawowa, ni kuma na riƙa mayar da shi inda na ajiye shi a ɗakin hoto. Ranar da likitar ta shigo ta ce ba mugu ba ne, Saratu ta durƙusa a tsakiyar ɗakin marasa lafiya tana waƙar yabo da yarenmu, Yarabawan da ke gadajen kusa suna taya ta da amin.

Da muka dawo na je Aliero gaida Alhaji. Na same shi a wurin lodi, zaune a kan buhu. Ya sa na matso, ya riƙe haɓata ya juya fuskata dama da hagu. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ya ce, "An ce min kai ka faɗin idonka za ni saidawa."

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce, "Ranka ya daɗe..."

Ya ce, "Bari. Tsoro na. Amma abu guda ka yi gaskiya, mun ɓoye maka magana a Sakkwato. Likita ya ce min yana tsoron ciwon daji na, wataƙila a cire idon duka, wataƙila ma abin shi wuce nan. Ni nic ce kada a gaya maka. Na ga in ka ji ba ka zuwa."

Na yi godiya. Na tsaya ina jira ko zai ce wani abu a kan mota. Ya gane. Ya ce, "Mota ta Umaru ta. Ba ka ƙara yi min tuƙin Kudu, ko idon ya warke. Ka ɓoye min sau ɗaya, ka kusa kashe mutum. Zauna nan ka kula da lodi."

Maganar ta yi mini zafi. A hanyar komawa Jega tsohon halin ya ɗago kai, yana ce mini ka gani, dama abin da suke so ke nan. Sai da na tsaya a bakin hanya na sake yin addu'a. Zargi ba ya fita daga mutum rana ɗaya, har yau ina yaƙi da shi. Amma Alhaji gaskiya ya faɗa. Aikin lodin nan shi nake yi har yanzu, kuma shi ya sa kuke ganina a nan kowace Lahadi. Layar kuwa, Umaru ne ya tsince ta yana share mota, ya kawo mini. Na kai wa Fasto muka ƙone ta a bayan majami'a.

Idon ya koma mazauninsa, ina ganin abu ɗaya ɗaya. Lokaci-lokaci nakan koma a duba ni. Abu guda ne bai dawo ba. Tun da aka cire maɓuɓɓugar nan, idon dama ba ya kuka. Yakan bushe, sai na riƙa ɗiga masa magani. Kuna gani yanzu da nake magana, ta hagu kawai hawayen ke zuba. Kada ku ji tausayina. Wannan da ke zuba ya isa in gode wa Ubangiji da shi.

Na gode wa Yesu da ya ji ni a ɗakin da ba wanda ya san yarena. Na gode masa don matar da ya ba ni, da ikkilisiyar nan da ta yi ta addu'a ina can, da mutanen da ya yi aiki ta hannunsu ina zarginsu. In akwai wani a nan da wani abu ke tsiro masa a ido ko a ko'ina, kada ka bari a tsaga, kada ka zauna kana lissafin maƙiya. Ka yi addu'a, ka tashi ka je a ɗauki hoto a gani. In kuma tsoro ne ya hana ka karɓar ruwa a hannun ɗan'uwanka, ka kai shi gaban Yesu yau, kafin ka fita ƙofar nan. Ya riƙe ni a kan gadon nan da kaina a ɗaure, zai riƙe ka.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.